Laba Bakwai Ɗin da Kake Son Zubarwa

Lewisham, Landan
Ranar Talata

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan ka sauka Bradford lafiya, ka tarar da ɗaki mai ɗumi da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya kuma tsare ka daga taurin kanka, wanda shi na fi tsoro don na san inda ka gado shi.

Shekaranjiya ka ja akwatinka ka fita ba ka ce mini uffan ba, ni ma ban tashi daga kujera ba. Shekara huɗu muna gida ɗaya tun da Yaya Audu ya rasu aka ɗora mini riƙonka, ga yadda muka rabu. Shekara goma sha biyu ce kawai tsakanina da kai, a kasuwa ma wa da ƙani ake ɗaukarmu, amma ni ne uban da ya rage maka, ko ka so ko ka ƙi. Shi ya sa na ɗauki biro. Bakina yana riga ni isa wuri, kafin in iso ya gama ɓarna. Biro kuwa dole ya jira ni.

Takardar kulob ɗin damben kwalejinku tana nan kan tebur inda ka bar ta. Ba za su bar ka ka hau dandali ba sai na sa hannu, tunda ba ka cika sha takwas ba. A gurbin nauyi ka rubuta laba ɗari da arba'in. Sikelin banɗakinmu kuwa ɗari da arba'in da bakwai yake ba ka, da idona na gani. Da na je sa maka yaji da kuka a akwati, sai ga baƙaƙen ledojin shara a ninke ƙarƙashin dardumar salla, an yanke musu wuya da hannuwa kamar riga. Ba sai an gaya mini ba. Za ka sa su a cikin kaya, ka yi ta tsalle a rufaffen ɗaki har laba bakwai ta zube, ka samu shiga ajin waɗanda ba su kai ka ƙarfi ba. Na ce maka jaki. Na ce kanka ba komai sai iska. Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba. Abin da ban faɗa ba shi ne dalili, ga shi yanzu.

Ka san yadda na zo ƙasar nan, boyin wani babban ma'aikacin gwamnati ne ni. Ya koma gida, ni na maƙale, na faɗa gidan wankin nan da nake aiki har yau. A gida na yi damben gargajiya, a fili, bayan girbi, iska na kaɗawa ta ko'ina. Da na ji ana damben Turawa a wani ɗaki ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa wajen Deptford, sai na je. Watan sanyi ne. Ina tafe ina hura hannu, numfashina na fita kamar hayaƙi. A raina na ce, ƙasar da ruwan famfo yake daskarewa, wa zai yi gumi a cikinta? Gumi na Kano ne, na watan bazara. Wata uku cur ina zuwa wurin nan ban taɓa ɗaukar ko kofin ruwa ba.

Ɗakin kuwa ba taga ko ɗaya da take buɗewa. Mai wurin, wani tsohon Bature da muke kira Mista Bil, ga hitar kananzir biyu ya kunna, ga ƙatti ashirin suna dukan buhu suna tsallen igiya. Bango har tsiyaya yake yi. Ni ina ganin ruwan nan yana gangarowa ina cewa rufin ne yake yoyo. Jikinmu ne, Nasiru. Mu ne muke gangarowa a bangon.

Kullum na dawo sai ciwon kai, kamar an ɗaure mini goshi da waya. Na ɗora wa sanyi laifi. Na ɗora wa dankalin Turawa. Har na fara zargin wata tsohuwa maƙwabciyata da take yawan leƙena ta labule, baiwar Allah ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ƙishirwa ce kawai, amma da yake ba rana a kaina ban gane ta ba. To ka ji. Sanyin da ke waje bai shiga ɗakin da kake motsa jiki ba. Kada ka jira sai maƙogwaro ya bushe. A gida zafin rana ne yake tuna maka da randa, a nan ba mai tuna maka.

A wurin na haɗu da Ɗanjuma. Kirista ne, mutumin wajen Pankshin, kwandastan bas, Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka haife shi. Mu biyu ne kaɗai 'yan Arewa, sai muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Shi mutum ne mai zufa. Minti goma da farawa singiletinsa ta manne, ƙasan inda ya tsaya ta jiƙe. Na sa masa suna Famfo. In ya shigo in ce, "Jama'a a kawo bokiti, an buɗe famfo." Shi kuma ya ce, "Kai Garba, kilishi ai ba ya gumi. Me ke jikinka da zai fita?" Ni ina taƙama da cewa jikina a bushe yake, wai alamar ƙarfi ce.

Akwai sikeli a kusurwa, irin mai sanda da ake tura ƙarfe. Wata rana gardama ta yi zafi, sai Ɗanjuma ya ce mu hau kafin mu fara, mu kuma hau bayan mun gama, a ga wanda ya fi zuba. Muka yi. Shi ya sauka da laba uku. Ni da nake cika baki, biyu da rabi. Rabin laba ce kawai tsakaninmu! Na ce sikelin ya lalace. Muka sake washegari, haka. Ashe ni ba riga nake wasa, kusa da ƙofa nake tsayawa, ina kuma yawan goge jiki da tawul, sai nawa ya tafi ba shaida. Nasa kuwa singileti ce take tara masa kowa ya gani.

Daga ranar na daina yarda da ido a maganar gumi, kai ma kada ka yarda. Ga yadda ake yi, ka riƙe shi da kyau. Ka fara yin fitsari. Ka tuɓe, ka hau sikeli, ka rubuta. Ka yi wasanka na awa ɗaya, ka lura da yawan abin da ka sha a tsakani. In ka gama ka tuɓe jiƙaƙƙun kayan, don nauyinsu zai yi maka ƙarya, ka goge jikinka tas har gashin kai, ka sake hawa sikelin nan dai, ba wani ba. Abin da ya ragu, ka haɗa da abin da ka sha, shi ne kusan abin da ka zubar. Kwalbar madarar nan da ake ajiye mana a bakin ƙofa, in ka cika ta da ruwa, ruwan laba ɗaya da kwata ne. Ka ga laba biyu da rabi kwalba biyu ke nan. Ka mayar da su a hankali kafin ka kwanta, har da ɗan ƙari, ka ci abinci mai gishiri, don farin nan da kake gani a rigarka in ta bushe daga jikinka ya fito. Kuma kada ka ɗauki lissafin wani ka ɗora wa kanka. Naka ma na yau ba lallai ya zama na gobe ba, ya danganta da ɗumin ɗakin da wahalar da ka sha. Ka auna sau da yawa. In ba sikeli, ka dubi fitsarinka da safe. In ya yi kalar shayi, kana baya.

Da a nan na tsaya da na zama mutumin kirki. Amma ka san ni. Ban taɓa zama kan bencin aji ba. Boko a jikin gwangwani na koye shi da allunan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, Turanci kuma a jaridun da fasinja suke bari a kujera. Duk abin da na karanta da kaina sai in ji kamar ni na ƙirƙiro shi. Na je laburaren unguwa na samo wani littafi kan jikin ɗan Adam da wasanni. Na karanta shafin da ya ce mutum na iya sauke nauyi mai yawa cikin awa kaɗan ta hanyar zufa. Na gane wannan sarai, har na ja layi da farce. Shafin da ke biye yana cike da dogayen kalmomi irin na likitoci. Na yi fama da layi uku, na ji haushi, na rufe. Na ce ai na samu abin da nake nema.

A lokacin nan kuɗin mai ya fara kwararo mana da manya daga gida, ka gan su ai, kowa da akwati shida da tumbi. Wani Alhaji da ya sauka wajen tsohon maigidana ya ji labarin ina dambe, ya sa aka kira ni. Wai in raka shi ɗakin tururi, yana so ya rage ciki kafin ya koma. Ya zauna a ciki yana haki, yana shafo zufa a hannu yana nuna mini. "Ka gani, yaro? Kitse ne yake narkewa." Ya hau sikeli ya ga ya ragu, ya yi ta hamdala. Daga nan ya shanye lemo kwalba huɗu, ya sake hawa don ya ƙara jin daɗi, sai ga nauyinsa ya dawo cif. Ya ce Turawa macuta ne, sun taɓa sikelin. Na ba Ɗanjuma labarin, muka yi dariya har da riƙe ciki. Na san ruwa ne ba kitse ba. Na sani, Nasiru. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Alhaji jahilci ne ya sa shi, kuma ba wanda ya cuta. Ni da ɗan guntun sanina na tashi kashe mutum.

An sa wa Ɗanjuma wasa ranar wata Asabar da rana. Ran Alhamis ya hau sikeli, ya haura nauyin ajin da aka sa shi da laba shida. Mista Bil ya ce a fasa, a nemo masa wani a ajinsa. Ni na shiga tsakani. Na ce a bar mini shi. Na ce na karanta a littafi.

Na yanka masa ledar shara, na sa masa rigar sanyi biyu a kai. Na kai shi ɗakin tukunyar tururi ta wurin aikinmu, inda ko tsayawa ka yi sai ka jiƙe. Na ba shi igiya. Yana tsalle ina ƙirgawa, in ya gama in kai shi sikelin da muke auna dilar zannuwa. Na hana shi ruwa tun daga Alhamis ɗin. Na ba shi cingam da gwangwani, ya yi ta tofar da yawu. Ran Juma'a da la'asar saura laba ɗaya da rabi, sai na ga zufar ta ragu duk da zafin ɗakin. Ni a wautata na ɗauka jikinsa ne ya saba. Ya jingina da bango ya ce, "Garba, don Allah ko maƙurwa ɗaya. Idona yana ganin duhu."

Ka san abin da na ce masa? Na ce, "Rago. Ƙato da kai kana kukan ruwa kamar ɗan yaye. In ba za ka iya ba ka koma ka ci gaba da yaga tikiti." Ya dube ni, ya ɗauki igiyar. Da ban faɗi haka ba da ya sha, don famfo na nan taku uku daga inda muke. Ledar ba ta hana shi sha ba, bakina ne ya hana shi.

Ran Asabar laba shidan ta zube, ya cika awo. Ya sha abin da ya iya a ɗan lokacin da ya rage, rabi ya dawo. Turmin farko ya daure. A na biyu ƙafafunsa suka ƙi, wani yaron da bai kai shi komai ba ya yi ta sakar masa naushi a kai, shi ko hannu ya kasa ɗagawa. Aka tsayar. Muna shiga ɗakin canja kaya ya fara yi mini magana da yarensu, wanda ya san ba na ji, yana kiran sunan wata da daga baya na gane uwarsa ce. Sai ya sulale.

A asibiti Allah Ya haɗa mu da wata nas 'yar Zariya, Sista Laraba. Ta fito ta same ni a baranda, ta ce, "Kai ne ɗan'uwansa?" Na ce ni ne. Ta ce, "Yaushe rabonsa da ruwa?" Na fara kame-kame, na ce ai dabara ce ta 'yan wasa, na ce akwai littafi. Ta ce, "Wane littafi?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ka karanta shi duka?" Na ce ban gama ba. Ta ce, "Malam mai littafi. Laba shida ka ce? Kusan kwalba biyar ke nan ka matse daga jikin mutum. Ka ɗauka daga ina suke fitowa, daga rijiyar gidanku? Daga jininsa ne. Jini in ya yi kauri ƙoda ce take fara shan wuya. Tun da aka kawo shi bai yi fitsari ba, kuma shi muke jira yanzu, ni da likita. Ka zauna ka taya mu jira, tunda ka iya ƙirga."

Ban taɓa barin wani ya faɗa mini magana ban rama ba, ko Bature ko Baƙi. Sai ranar. Kwana biyu ina zarya ina roƙon Allah Ya sa wani ƙato ya yi fitsari. Ka yi dariya in kana so, ni ban taɓa yin addu'a da gaske kamar wannan ba.

Ya tashi, alhamdu lillahi. Amma likita ya ce dambe ya ƙare masa, kuma har yau yana komawa ana duba ƙodarsa. Shi ne mutumin da yake ƙin karɓar kuɗinka in ka shiga bas ɗinsa, wanda ka taɓa tambayata me ya sa ba na sakin jiki da shi. Bai taɓa yi mini gori ba. In mun haɗu sai ya ce, "Garba, ya aiki? Ya yaron?" Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Na koma laburaren na ɗauko littafin, na sayi ƙamus, na zauna da shafin nan mako guda. Duk abin da ya faru da Ɗanjuma yana ciki, ɗaya bayan ɗaya: raguwar zufa, duhun ido, ɗaurewar ƙafa, sambatu. Yana nan a rubuce tun kafin in yanka ledar. Kai yanzu gwamnatin jiha ta ba ka abin da ban samu ba, za ka zauna gaban malamai. In karatu ya yi tauri, nan ne wurin da ba a tsallakewa. Ka tambaya, ko za a yi maka dariya. Kuma ka kiyayi mutumin da yake magana da ƙarfi kan abin da ya karanta rabi. Za ka gane shi da sauri, ka zauna da irinsa shekara huɗu.

A kulob ɗinku za ka tarar da masu cewa shan ruwa yana sa nauyin ciki, a kurkure baki kawai a tofar. Haka Mista Bil ma yake cewa, kuma ba mugu ba ne, haka ya taras. Kada ka yi musu rashin kunya irin tawa. Ka sha ruwanka kaɗan-kaɗan, in sun yi magana ka nuna musu abin da sikeli ya ce. In azumi ya zo, ka ga yadda yinin ƙasar nan yake da tsawo, ka rage wasan, ka matsar da shi kusa da shan ruwa. Ba wanda ya ɗora maka azumi da tsallen igiya a rufaffen ɗaki lokaci ɗaya. In kuma wani ya ce maka yana ganin duhu, ko abokin karawarka ne, ka ajiye komai ka ba shi ruwa, ka kira babba. Kada ka tsaya auna jarumtakarsa.

Laba bakwai ɗin nan taka kusan kwalba shida ce. Ta fi ta Ɗanjuma. Kuma kai ba ka da kitsen da za ka ce shi za ka rage, tsoka ce da ƙashi, har yanzu ma girma kake yi. Na san abin da ke ranka. Kana tsoron na ajinka sun fi ka tsawo da dogon hannu. Gaskiya ne, wasu za su fi ka, za ka sha duka. An doke ni sau huɗu, ga ni ina rubutu. Wanda aka doka yana da ruwa a jiki yakan tashi ya tafi gida da ƙafarsa.

Na sa hannu a takardar, ga ta nan cikin ambulan. Na soke abin da ka rubuta, na sa ɗari da arba'in da bakwai, na kuma sa hannu a gefen gyaran don su san ni na yi. Na san biro ba ya wuyar samu a Bradford, leda ma haka. In ka ga dama ka sake sokewa, ba na nan balle in gani. Ba ni da yadda zan tsare ka daga nan, sai dai in gaya maka abin da na yi, na kuwa gaya maka, har wanda ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kalmomin da na jefe ka da su ranar Lahadi, ka yafe mini. Kai ba jaki ba ne. Tsoro ne ya kama ni, ni kuwa in na tsorata zagi ne yake fitowa.

Ranar da za ka hau dandali a nauyinka na gaskiya, ka aiko mini tun da wuri in nemi hutu. Zan zo, zan zauna can baya, zan kama bakina. In ka ji wani yana ihu da Hausa ana ƙoƙarin fitar da shi waje, ka yi haƙuri, na gwada ne na kasa.

Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya raya ka, Ya ba ka ilimi mai amfani da lafiyar da za ka ci moriyarsa. Ya kai ka lafiya duk inda ka nufa, Ya dawo mini da kai da ƙafarka. Amin.

Baffanka,
Garba